Kyautar malami mafi ƙwazo: tana haɗa kan malamai ko raba su?

Malam, ka tambaya ko ware kuɗi ga malamin da ɗalibansa suka fi cin jarrabawa zai gyara makarantarku. Ya danganta da yadda aka tsara rabon.

Idan kyautar ta mutum ɗaya ce, to nasarar abokin aikinka asararka ce. Nan da nan tsohon malamin lissafi zai daina ba sabo tsarin darasinsa, kowa ya riƙa gudun ajin yara masu rauni. In aka haɗa da barazanar kora, abin ya fi muni. A Atlanta ta Amurka, binciken 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a maguɗin gyara amsoshin ɗalibai, kuma a 2015 kotu ta samu 11 da laifi.

Ladan kowa da kowa ma ba mafita ba ce. Birnin New York ya gwada shi daga 2007, sakamako bai tashi ba, aka soke shi a 2011. Inda malamai suka yi yawa, rago yana fakewa bayan masu aiki.

Shawarata: a auna ci gaban yaro daga farkon zango zuwa ƙarshe, ba makin ƙarshe kaɗai ba. A ba da ladan ga rukunin malamai 4 zuwa 6 masu fanni ɗaya, inda kowa ke ganin aikin kowa. Kada malami ya yi makin takardun ajinsa, a yi musaya. Shiga aji don duba koyarwa kuwa, a raba shi da maganar kuɗi, in ba haka ba babu wanda zai bari a ga rauninsa.