Filin Tambaya da Amsa: Yadda ake amfani da kalmar "seem"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin jarrabawar WAEC. Na rubuta "He is seeming tired", malamarmu ta ja masa jan biro, ta ce babu wannan a Turanci. Mece ce ma'anar "seem", kuma ina na kuskure? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malamarku ta yi daidai. "Seem" ita ce abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce "da alama" ko "kamar". Mai magana ya ga wata alama, ya yanke hukunci, amma bai rantse ba. "He is tired" na nufin ya gaji, magana ta ƙare. "He seems tired" kuwa, da alama ya gaji.

Tushen matsalar shi ne, a Hausa "da alama" ba aikatau (kalmar aiki) ba ce, ana ajiye ta ne a farkon jimla a ci gaba. A Turanci "seem" aikatau ce, ita ke ɗauke da lokaci da mai aikin, don haka ba ta buƙatar "is" a gabanta. "It is seem" da "He is seems" duk kuskure ne, kuma suna yawa a takardun ɗalibai. Sannan tana cikin aikatau masu nuna yanayi, irin su "know" da "belong", waɗanda ba a saba liƙa musu "-ing" ba. Ki ce "I seem", "he seems", idan abin ya wuce "he seemed".

Abin da ke bin "seem" shi ne wurin da ake zubar da maki. Idan sifa ce, a sa ta kai tsaye: "She seems happy", ba "happily" ba. Kar ki cusa "like" a nan. Mai cewa "He seems like tired" ya ɗauko "kamar ya gaji" ne ya juya ta kalma-kalma. "Like" tana shiga ne idan suna ke tafe: "He seems like a good man", ko "He seems to be a good man". Idan wata aikatau ce, sai a haɗa su da "to": "She seems to understand". Idan aikin ya riga ya faru, "He seems to have left", wato da alama ya tafi. Akwai kuma "It seems that the shop is closed". A wajen ra'ayi, "It seems to me", kar ki yar da "to" ɗin.

Korewa: "He doesn't seem to know". Kuma idan kin ji an ce "I can't seem to open it", ana nufin an yi ta ƙoƙari abin ya ƙi buɗuwa.

Wajen furuci, ki ja wasalin, "siim". Idan kin gajarta shi, sai ya koma SIM na waya.

Tambaya: To Malam, "seem" da "look" da "appear" duk ɗaya ne? Daga wani ma'aikacin ofis a Sakkwato.

Amsa: Suna kusa, ɗan'uwa, amma kowace da gurbinta. "Look" ta ido ce: ka ga fuskar mutum, ka ce "You look ill". Idan a waya kuka yi magana, ba ka gan shi ba, "You sound ill" za ka ce. "Seem" ta haɗa duka, da abin da ka gani da wanda ka ji da wanda zuciyarka ta ba ka. "Appear" ta fi dacewa da rubutun hukuma, kuma tana da wata ma'ana ta daban, wato bayyana: "The moon appeared", wata ya fito. A nan "seem" ba ta shiga sam.

Tunda a ofis kake, ka riƙe "seem" da kyau, domin tana sassauta magana. Idan ka tarar da kuskure a lissafin maigidanka, "You made a mistake" tana da kaifi. Rubuta "There seems to be a mistake in the figures". Idan kurakuran sun fi ɗaya, "s" ɗin ta faɗi: "There seem to be two mistakes".