Amsa: Ruwa na kwanciya a gindin bangona

Ɗan'uwa, ka ce a gidanka na unguwar Talladje a Yamai ruwan sama yana kwanciya a gindin bango har shafen siminti ya fara ɓarewa, kana tambaya ko ka sake shafe. Kada ka ɓata kuɗinka tukuna. Matsalar tana ƙasa.

Tsakar gida ya kamata ta gangara daga bango zuwa waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Ka sa magini ya auna gangaren da tiyon ruwa (siririn tiyo mai ruwa a ciki da magina ke awon daidaito da shi), ido yana ruɗi. Ciko kuwa da jar ƙasa za a yi, a jiƙa a daɓe sosai. Yashi ba ya hana komai, ruwa yake sha ya kai wa tushen gini, ga shi unguwannin Yamai da yawa yashi ne.

Duba indararo ma. In yana zuba dab da bango, a ƙara masa tsawo, a sa duwatsu inda ruwan ke faɗuwa.

Rariyar katanga ta zama ita ce wuri mafi ƙasa a gidan, kuma a riƙa kwashe leda daga bakinta. Don Allah kada ka juya ruwan gidan maƙwabci. Ka gama aikin kafin Yuni, domin ruwan Agusta ba zai bar cikon ya zauna ba.