Ga 'yar uwar da Three-Body Problem ya gagara, ga abin da ni na gani

Salam 'yar uwa, tun jiya na ga tambayarki amma na ce bari sai na samu natsuwa tukun, don amsar ba ta layi biyu bace. Kin ce kin ɗauki The Three-Body Problem saboda kowa na yabonsa, kin kai inda aka shiga wasan kwamfutar nan mai rana uku sai kika tsaya cak, har kin fara tunanin ko labaran ƙagen kimiyya ba naki bane. Sannan kin tambaya ko manga, wato labaran zane na ƙasar Japan, ta yara ce kawai ko akwai wadda babba zai zauna ya karanta. To bari in ba ki abin da ni na gani a karatun da na yi a 'yan shekarun nan.

Da farko dai ki kwantar da hankalinki, inda kika tsaya ɗin nan nima daidai nan na taɓa tsayawa, na ajiye littafin kusan wata biyu. Kuma na gano dalili daga baya. Marubucin, Liu Cixin, ya buɗe littafin da abu mai taɓa zuciya, shekarar 1967 lokacin juyin juya halin al'adu a ƙasar Sin, Ye Wenjie tana tsaye cikin taro tana kallo 'yan mata ɗalibai suna dukan mahaifinta malamin kimiyya har ya mutu. Kina karanta wannan zuciyarki ta riga ta bi ta, kina son ki san me wannan baƙin cikin zai mayar da ita. Sai kawai a ɗauke ki a kai ki shekaru arba'in gaba a haɗa ki da Wang Miao, mutumin da wallahi har na gama littafin ban san me yake so a rayuwa ba, yana da mata da ɗa amma kamar babu su, aikinsa kawai a kai shi wuri ya ga abu ya yi mamaki. In ba don Da Shi ɗan sandan nan mai baki ba da tsakiyar littafin ya bushe gaba ɗaya. Wani abu ma da mutane da yawa basu sani ba, a bugun Sinanci na 2008 babukan juyin juya halin a tsakiya suke, a fassarar Turanci ta Ken Liu ta 2014 ne aka dawo da su farko yadda marubucin ya so tun asali. Kenan mu da muka karanta fassarar mun fara da mafi zafin sashe, shi yasa abin da ya biyo baya ke zama kamar an zuba mana ruwan sanyi.

Abin da ya taimake ni shi ne na daina jiran mutanen littafin su burge ni. Liu mutum ne na tunani, ra'ayi yake son ya ɗora miki a kai, mutanen kuma 'yan dako ne kawai. Wasan da ya gundure ki ɗin nan shi ne zuciyar abin, duniya ce mai rana uku da babu wanda zai iya lissafa yadda za su juya, wani lokaci a samu zaman lafiya wani lokaci komai ya ƙone ko ya daskare, mutanen wurin har busar da jikinsu suke a naɗe su a ajiye sai lokaci ya gyaru. Kuma matsalar ta gaske ce a lissafi, tun zamanin Newton ake fama da ita, jiki biyu masu jan juna ana iya lissafa tafiyarsu tsaf amma da an ƙara na uku babu wata ƙa'ida guda da za ta warware duka. In kika riƙe tambayar nan a ranki, wato mutanen da ke rayuwa a irin wannan wuri me za su yi in suka ji labarin akwai wata duniya mai rana ɗaya tak, to sauran littafin zai ja ki da kansa. Shawarata ki ba shi wasu babuka kaɗan har a koma kan Ye Wenjie a Red Coast, sansanin soja na sirri da take aiki. In kin kai nan har yanzu baki ji komai ba to ki ajiye shi da zuciya ɗaya, lambar Hugo, babbar lambar yabo ta labaran ƙagen kimiyya da fantasi, da ya ci a 2015 ba ta wajabta wa kowa son shi ba. Na biyun, The Dark Forest, ni a wajena ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma shi ma farkonsa akwai dogon zance kan wata budurwa da jarumin littafin, Luo Ji, ya ƙirƙira a ransa wanda sai kin cije.

Tunda na fahimci ke mutum kike nema a cikin labari, to Project Hail Mary na Andy Weir, 2021, shi zan fara miƙa miki. Mutum ya farka a cikin kumbo bai san sunansa ba, abokan tafiyarsa biyu sun mutu, a hankali yake tuno cewa shi malamin kimiyya ne na 'yan makaranta kuma an turo shi ne don wasu ƙananan halittu na cinye hasken rana. Akwai lissafi da gwaje-gwaje da yawa amma kowanne yana da dalili, in bai warware ba zai mutu, don haka ba kya jin kamar ana miki lacca. Zan ɗan taɓa labarin kaɗan ki yi haƙuri, can yana haɗuwa da wata halitta da ta zo da irin matsalarsa, ba ta da ido, da sauti kamar na kiɗa take magana, iskar da take shaƙa za ta kashe shi tasa ma za ta kashe ta, amma su biyun suka zauna da bango a tsakaninsu suna koyon harshen juna kalma ɗaya bayan ɗaya. Wannan abotar ce ta sa na kwana ban yi barci ba. Aibinsa ɗaya barkwancin jarumin yakan yi yawa, kuma mutanen da aka bari a duniya ba a gina su sosai ba. In kuma gajere kike so ki gwada Binti na Nnedi Okorafor, bai kai shafi 100 ba, yarinya 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya ce ta gudu daga gida cikin dare don zuwa jami'a a wata duniya. Zama ɗaya za ki gama shi, ya ci lambobin yabo na Hugo da Nebula, duk da ni na ga an yi gaggawar sasanta rikicin a ƙarshe.

Yanzu maganar manga, nan ne nake da abin faɗa da yawa. A Japan ana raba ta ne bisa mujallar da ke buga ta, shonen na samari matasa, shojo na 'yan mata, seinen da josei na manya, to amma wannan rabon na kasuwa ne, bai cika gaya miki nauyin labarin ba. Misali Frieren, Kanehito Yamada ke rubutawa Tsukasa Abe ke zanawa, tun 2020 take fitowa a Weekly Shonen Sunday, mujallar matasa kenan, amma ban karanta wani abu a shekarun nan da ya zauna min a rai kamar ta ba.

Labarin ya fara ne daga inda sauran ke ƙarewa. Mutum huɗu sun yi tafiyar shekara 10 sun kashe sarkin aljanu sun dawo, an yi biki, kowa ya kama gabansa. Frieren, ɗaya daga cikinsu, 'yar jinsin elf ce, wasu halittu masu kama da mutane amma masu tsawon rai, ta haura shekara 1000, don haka shekara goma a wajenta kamar ɗan yawon yamma ne, ta yi musu sallama ba tare da wani damuwa ba ta ce sai sun haɗu kallon taurarin nan da ke zubowa sau ɗaya duk shekara 50. Ta dawo ta tarar da Himmel, kyakkyawan jarumin da ya jagoranci tafiyar, ya zama ɗan tsoho mai sanƙo, suka je suka kalli taurarin, ba a jima ba ya rasu. A wajen binne shi ne ta fashe da kuka, don sai a lokacin ta gane ta san ran ɗan adam gajere ne amma bata taɓa ƙoƙarin sanin shi ba. Duk wannan a babi na farko fa. Sauran labarin ita ce ke sake bin hanyar da suka bi, tare da Fern da Stark, yaran da tsofaffin abokanta suka raina, kuma duk garin da suka shiga sai ta tarar da wani abu da Himmel ya bari wanda a lokacin bata kula ba. Abin da ya fi kashe min jiki shi ne yadda ake buɗe babi, sai a rubuta shekara kaza bayan mutuwar Himmel, wato lissafin lokacin gaba ɗaya daga rashinsa yake farawa. Ga gumakan kansa da ya yi ta sa a gina, kina ɗauka son kai ne, sai daga baya ki ji ya yi ne don kada ta zama ita kaɗai idan duk sun tafi. Ga sihirin da take tarawa, na fito da filin furanni, na goge tsatsa daga gunkin tagulla, na mayar da inabi mai zaƙi ya yi tsami, kowanne in kika bi sai ki ga akwai wani daga cikin abokanta a bayansa. Na karanta ta ne bayan na yi rashin wani na kusa da ni wanda kullum nake cewa zan kira shi gobe, to ki san da wannan nake magana, wataƙila shi yasa ta kama ni haka. Inda ta ɗan yi min sanyi shi ne sashen jarabawar masu sihiri, an cika mutane da faɗa har ta koma kamar sauran shonen, amma tana dawowa hanya. Sai dai ki sani ba a gama ta ba kuma takan tafi hutu.

In kuma wadda aka kammala kike so, Vinland Saga ta Makoto Yukimura ta fara 2005 ta ƙare 2025, shekara 20 cif. Zamanin Vikings ne, mayaƙan teku na arewacin Turai, farkon ƙarni na 11, Thorfinn yaro ne da ya bi Askeladd wanda ya kashe mahaifinsa yana yi masa yaƙi don kawai a ba shi damar ramuwa. Ina gaya miki tun yanzu akwai jini sosai a kashin farko, ba ta yara bace sam. To amma sashen da wasu ke cewa ya gundure su, inda Thorfinn ya zama bawa a wata gona a Denmark shi da Einar suna sare daji suna tumɓuke kututture shekara da shekaru, ni nan ne na san ina karanta babban abu, mutumin da bai iya komai ba sai kisa yana koyon shuka, mutanen da ya kashe suna zuwar masa a mafarki. Fullmetal Alchemist ta Hiromu Arakawa ma an gama ta, juzu'i 27, kuma ƙarshenta ya biya. One Piece kam kar ki fara da ita, tun 1997 ake yi ta wuce juzu'i 100, ki bari sai kin saba.

Abu ɗaya da ke rikita sabon mai karatu, manga daga dama zuwa hagu ake bin ta kamar Larabci, shafin da akwatunan zanen da kumfar maganar duka, sama zuwa ƙasa. Babi biyu uku idonki zai saba. Kuma don Allah kar ki riƙa tsallake akwatin da babu magana a ciki, a Frieren musamman akwai shafukan da shekaru ke wucewa ba kalma ko ɗaya, rabin labarin a nan yake.

A ɓangaren fantasi na rubutu zalla wanda ya fi girgiza ni shi ne The Fifth Season na N. K. Jemisin, 2015, ita ce ta ci Hugo sau uku a jere da shi da littattafai biyu da suka biyo bayansa, 2016 zuwa 2018. Amma ba zan ce ki fara da shi yanzu ba, yana buɗewa ne da uwa ta tarar mijinta ya kashe ɗansu ƙarami, kuma wani ɓangare an rubuta shi da "ke", kamar ke ce matar, sai mutum ya shirya masa. Piranesi na Susanna Clarke ya fi sauƙin ɗauka, gajere ne, mutum ɗaya a wani gida marar iyaka mai cike da gumaka da ruwan teku na shiga ɗakunan ƙasa, kuma gara ki shige shi baki san komai ba.

Don haka in ni ce ke, juzu'in farko na Frieren zan ɗauka a daren nan, in bi da Project Hail Mary, sannan in koma wa Liu Cixin da sabon ido. Ni yanzu ina tsakiyar Children of Time na Adrian Tchaikovsky ne, wanda gizo-gizo ke gina wayewarsu, kuma abin mamaki ɓangaren gizon ya fi ja na fiye da na mutanen da ke cikin kumbon. In kin koma Three-Body kin kai inda Ye Wenjie ta samu amsa daga sama ki dawo ki gaya min, ina son in ji ko kin ga laifinta a kan abin da ta yi, don ni har yau ina juya maganar a raina.