Me ya sa facin kwale-kwalena ya ɓare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwale-kwalena na faiba ne, ya daki dutse ya huje ta ƙasa, ramin bai kai tafin hannu ba. Na sayo rezin, wato ruwan gam mai daskarewa, da kyallen faiba na liƙe da kaina, amma ko mako biyu bai rufa ba facin ya ɗago, ruwa ya ci gaba da shiga. Rezin ɗin ne jabu, ko ni ne ban iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni ma facina na farko haka ya yi. Da na ɓamɓare shi na duba bayansa, sai na gan shi sumul yana sheƙi, nan na gane zama kawai ya yi a jikin jirgin, bai taɓa kamawa ba. Ka duba naka. In haka yake, rezin ba shi da laifi.

Sabon rezin ba ya narkewa ya haɗe da tsohon da ya riga ya daskare, kaushi yake nema ya maƙale. Shi ya sa sharar fage ta fi liƙin kansa cin lokaci. Ka fitar da jirgin, ka bar shi kwanaki ya bushe sarai, domin faiba in ta tsage tana shan ruwa. Sai ka goge wurin da asiton, wato sinadarin da ke wanke maiƙo, kafin ka sa samfefa, don kada ka cusa maiƙo cikin karcen.

Yanzu ga inda zuciyar mutane ke karyewa. Dole ka kankare gefen ramin ya yi gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin jirgin. In kaurin milimita 5 ne, ka ci santimita 6 ta kowane gefe, ka cire duk inda ya yi fari ko ya daddare. Ranar da na yi wannan hannuna har rawa yake, ina ganin kamar ɓarna nake ƙarawa. Amma wannan gangaren ne ke riƙe facin, kuma wanda na yi a haka har yau bai motsa ba.

Daga nan ka yanka kyalle manya da ƙanana, ka jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya jiƙe, kana murza rola kana korar iska. Kada ka malala rezin, ƙarfin yana cikin kyallen ne.

In rezin ɗinka nau'in foliyesta ne, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na maganin daskarewa yake buƙata. Na taɓa ƙarawa don sauri, kwanon ya yi zafi har da hayaƙi. Ni dai ifoksi na fi so, wato wani nau'in rezin daban, ta fi kama tsohon jiki, amma ka bi awon da aka rubuta daidai. Kuma don Allah ka sa takunkumi da safar hannu da tabarau, ɗigo ɗaya na maganin daskarewar nan na iya lalata ido.

Kafin ka koma ruwa, ka zuba ruwa cikin jirgin yana kan tudu, ka leƙa ƙasansa ka ga ko zai tsatsafo.