Bakin tekun tsakuwa a kudancin Ingila: amsa ga ƙanenmu na Yawuri

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tun jiya bayan isha'i na ga tambayarka, na bari sai na natsu, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce kana Southampton, iyali sun iso, kana son fita da su bakin teku a hutun nan. Ka ga hotunan gaɓar Dorset duk tsakuwa ce babu yashi, shi ne kake tambaya ko wurin ya kai a kashe masa kuɗin mota, kuma ko yara za su iya shiga ruwan. Sai ka rufe da cewa kai ɗan Yawuri ne, ruwa ba baƙonka ba ne. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni wucewa ban ce komai ba.

Ni mutumin Argungu ne, a bakin Matan Fada na tashi, kuma na yi shekara 3 a kudancin Ingila kafin in dawo gida Birnin Kebbi. Na je gaɓar nan da zafi, na je da sanyi. Ka je, wallahi ka je, gani ya kori ji. Amma sanin ruwan da muka taso da shi ka bar shi a gida, don teku ba kogi ba ne, bakin tsakuwa kuma ya fi na yashi mugun hali.

Ka fara da Chesil. Daga Southampton jirgin ƙasa zai kai ka Weymouth cikin kamar awa ɗaya da rabi, daga nan ka hau bas ɗin da ke zuwa Portland. Abin da za ka tarar tudu ne na tsakuwa zalla, tsawonsa kilomita 29, daga West Bay har Portland, kuma ta ɓangaren Portland tudun ya haura mita 10 sama da ruwa. Bayansa akwai wani tafki mai ruwan gishiri da suke kira Fleet, kwance lumui kamar fadama da rani. Kana hawa tudun ba ka ganin teku, sai dai ka ji shi. Ƙarar nan ita ce har yau ban manta ba. Idan igiyar ruwa ta bugi gaɓa ta koma, sai ta ja dubban duwatsu su gangara tare, ka ji wani gurnani mai tsawo kamar ana juye tifar tsakuwa, ya lafa, ya sake tasowa. Ranar farko na fi rabin awa a zaune ban yi magana ba, tasbihi kawai nake.

Ka duƙa ka ɗauki dutse ɗaya ka duba. Ba irin tsakuwar kwari da muke zuba wa kankare ba ce mai kaifi. Ruwa ya goge kowanne ya yi sumul, yawancinsu ƙanƙarar dutse ce irin wadda ake ƙyasta wuta da ita. Abin mamakin kuma, teku ya tantance su kamar mace ta tankaɗe gari: a West Bay ƙanana ne kamar wake, suna ƙara girma kana yin gabas, har a Portland su kai girman dankali ko dunƙulen hannu. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne manyan igiyoyin da iskar kudu maso yamma ke korowa suna tura manya da ƙanana gabas, raunanan igiyoyi kuma ƙananan kaɗai suke iya mayarwa yamma. Mutanen wurin na ba da labarin cewa masuntan da, idan suka sauka cikin dare ko hazo, da girman dutsen da suka taka suke gane inda suke. Da na ji haka sai na tuna Sarkawanmu, waɗanda ke gane gurbi da launin ruwa da yadda yake juyawa.

Yanzu maganar wanka. A Chesil kada kowa ya shiga, kai ko yara. Ga abin da ya same ni. Wata ranar Oktoba la'asar ta kama ni a can, ruwan kuma a idona bai yi wani fushi ba. Na cire takalmi, na naɗe wando, na shiga iya ƙwauri zan yi alwala. Igiya ta zo ta wuce ni, ban damu ba. Da ta juya za ta koma, sai duwatsun da nake tsaye a kansu suka zube daga ƙarƙashin ƙafata gaba ɗaya. A kogi ko laka ce tana riƙe ka, a nan ƙasar ce da kanta take tafiya da kai. Na faɗi zaune, kafin in miƙe ta biyu ta rufe ni har kai, sanyin ya ɗauke mini numfashi. Ina rarrafe ina kama duwatsu, su ma suna biyo ni. Wani dattijo mai kamun kifi da ƙugiya shi ya riƙo wuyan rigata ya ja ni sama. Allah ya saka masa, ban ko san sunansa ba.

Daga baya na fahimci dalili. Bakin yashi a hankali yake gangarawa, sai ka yi tafiya mai nisa ruwa bai kai ƙugu ba. Bakin tsakuwa kuwa a tsaye yake, taku biyu ko uku ka rasa ƙasa, kuma ruwan da ke komawa ta ƙasa yana da ja. Ga sanyi: ko a watan Agusta ruwan bai cika wuce digiri 17 ko 18 ba, da hunturu kuma yana sauka ƙasa da 10. Jikin da ya saba da ruwan Kwara, idan ya faɗa wannan, numfashi ne ke fara ƙwacewa kafin hannu ya tuna iyo. Manya sun ce gwani ruwa kan ci, kuma na yarda, don wanda bai iya ba ko kusa ba zai je ba.

Idan yara sun matsa sai sun taɓa ruwa, ka kai su bakin yashin da ke cikin garin Weymouth. Ba shi da zurfi, kuma lokacin zafi akwai masu ceto da ke gadi. Ku tsaya tsakanin tutoci masu ja da rawaya. In ka ga jar tuta zalla, ranar ba ta shiga ruwa ba ce. Lulworth Cove ma da sauƙi, tsakuwa ce amma duwatsu sun zagaye wurin kamar ƙwarya, ƙofa ɗaya ruwa ke shigowa, don haka a kwance yake yawancin lokaci.

Abu na biyu da ɗan kogi bai saba da shi ba shi ne cikowa da janyewar teku. Mu a wajenmu ruwa da lokacin shekara yake tafiya: ya cika da damina, ya sake kawowa da sanyi idan na Gini ya biyo ta Mali ya iso, sannan ya ja baya a hankali. Teku kuwa sau 2 yake cika sau 2 yake janyewa a kwana ɗaya, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jansa. Mu da muke lissafin kwanan wata wannan ba zai ba mu wuya ba: cikowa ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 da 15. A yankin garin Lyme Regis da ke yammacin Dorset, bambancin cika da janyewa a irin waɗannan kwanaki ya haura mita 3. Ka ga filin da kuka shimfiɗa tabarma da hantsi, kafin la'asar ya zama ruwan da ya shanye mutum. Haɗarin kuma ba daga gaba yake zuwa ba. Ruwan kan zagaya ya rufe hanyar da ka biyo, ta wajen wani hancin dutse, ka waiga ka ga gabanka teku, bayanka bangon dutse da ba ya hawuwa. Tsakanin Lyme Regis da Charmouth an sha ceto mutane a haka. Saboda haka kafin ka sayi tikitin jirgi ka duba jadawalin cikowar ruwa na garin da za ka, yana intanet, ana kuma liƙa shi a bakin gaɓa. Ka fita lokacin da ruwa ke janyewa, ka juyo da zarar ya kai ƙarshen janyewarsa. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ka kira 999 ka ce a haɗa ka da Coastguard, su ne masu ceto a gaɓar teku.

Bangon dutsen ma kada inuwarsa ta ruɗe ku. Mu mutanen rana ne, da mun ga inuwa can muke nufa, to a nan inuwar ita ce wurin da ya fi haɗari. Gaɓar tana zaftarewa ba sanarwa, musamman bayan ruwan sama. A watan Yulin 2012 dutse ya rufto a Burton Bradstock ya kashe wata budurwa da ke tafiya a ƙasansa tare da 'yan gidansu. Ku zauna nesa da gindinsa, in kuna sama kuma ku riƙe hannun yara, kada a matsa baki don hoto.

Wannan zaftarewar dai ita ce ta sa wurin ya yi suna. Gaɓar, daga Exmouth zuwa Studland, kimanin kilomita 150, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, saboda duwatsunta na ɗauke da tarihin ƙasa na shekara miliyan 185. Duk sanda gefen tsauni ya zube, sai ragowar halittun da suka zama dutse su fito. A Lyme Regis aka haifi Mary Anning a 1799, 'yar talakawa, wadda tana da shekara 12 ita da yayanta suka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa da ta ƙare tun tuni. Ka kai yara Charmouth, akwai cibiya a bakin ruwa da ke fita da mutane neman irin waɗannan. Za su tsinci masu kama da katantanwa a naɗe, wasu suna ƙyalli kamar tagulla. Wanda ya faɗo cikin tsakuwa an yarda ka ɗauka, amma ba a sarar jikin tsauni. Ka kuma gaya musu cewa ƙasarmu ma ta taɓa zama ƙarƙashin teku: farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita a Sakkwato a ruwan teku ta taru, kuma a yankin Goronyo an tono wata dabbar teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus. Ni sai da na je ƙasar wasu na san wannan, abin ya daɗe yana damuna.

Tsakuwar kanta kuwa kada ku cika aljihu da ita, ko da yara sun yi kuka. Akwai dokar kare gaɓar teku ta 1949 da ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ɗiba, tara na iya kaiwa fam 1,000. Kuma ko ba doka, tudun nan na Chesil shi ne katangar mutanen da ke bayansa. A Nuwambar 1824 guguwa ta tsallake shi ta rushe gidaje a Chiswell da ƙauyen Fleet, mutane da dama suka rasu. Mu da muka ga abin da ɗibar yashi ke yi wa gaɓar koguna ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Sauran ƙanana ne. Takalmi mai rufi da tauri, ban da silifa, don tafiyar minti 20 a kan tsakuwa ta fi ta awa ɗaya a kan hanya gajiya, keken jariri kuma ba ya tafiya sam. Rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar ba ta da sabo. Durdle Door, dutsen nan mai ƙofa da ka gani a hoto, a tashar Wool ake sauka a nemi bas. Yana da kyau ƙwarai, amma gangaren na da tsayi, matakala sun haura 100, in uwargida na da juna biyu ko goyo ku tsaya daga sama ku kalla. A Yuli da Agusta wurin cike yake, shigar mutane kuma ba irin tamu ba ce, don haka ni na fi son sammako, ko Mayu da Satumba. Soyayyen kifi da dankali da ake sayarwa, ka tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya da kuma irin man da aka soya, wasu na amfani da kitse.

Salla ba matsala. Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar, amma ka taho da ruwanka a gora ka yi alwala can saman tudu, kada ka maimaita abin da na yi. Ka ɗauki sallaya mai kauri saboda gwiwa da goshi. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas da muka saba ba. Idan ka tsayar da ranar tafiya ka rubuto ta a nan, in sha Allahu zan duba jadawalin ruwan tare da kai mu ga ƙarfe nawa ya kamata ku bar gida. A gaida uwargida da yara.