Kayan da ake bajewa a ƙofar gida a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kayan da ka ga maƙwabtanka sun baje a bakin garejinsu na sayarwa ne, kuma ko ana neman ragi. Na sayarwa ne, gwanjo ne na cikin gida. Mutum ya tashi ƙaura ko ɗaki ya cika masa, sai ya fito da tukwane, keken yara, kujeru, ya manna wa kowanne farashi. Ba abin kunya ba ne a wurinsu, mai kuɗi ma yana yi.

An fi yi ranar Asabar da safe, idan sanyi ya wuce. Ka yi sammako, ka riƙe tsabar kuɗi, 'yan dala ɗaya-ɗaya da biyar-biyar. Ragi kam ana nema, amma kar ka ja ciniki kamar kana Kantin Kwari. Ka taya sau ɗaya, in ya ƙi ka bar shi. Bayan azahar sukan karyar da kaya don kar su mayar ciki. Abin lantarki kuwa, sa a jona ka gani, don in ka biya babu mayarwa.

Akwai ma babban gwanjo irin wannan a watan Agusta, akasarinsa a kan hanya mai lamba 127, daga jihar Mishigan har jihar Alabama, mil 690.