Tambaya da Amsa: Auna Jijjigar Inji da Manhajar Kyauta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni makanike ne a Zariya, ina gyaran janareta da injin niƙa. An ce akwai manhajoji na kyauta da ake auna jijjigar inji da su, har a gane lalacewa kafin inji ya tsaya. Gaskiya ne? Kuma wayar hannu za ta iya wannan aiki, tunda na'urar da kamfanoni ke amfani da ita ta fi ƙarfin aljihuna?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, akwai manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda aka bar wa kowa damar duba rubutun da aka gina su da shi, ya gyara, ya kuma raba. Mafi sauƙi ita ce phyphox, wadda masana a jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus suka fitar a 2016. Tana karanta ƙaramar na'urar jin motsi da ke cikin kowace wayar zamani, ta zana maka jijjigar, kuma za ka iya tura alƙaluman zuwa kwamfuta. A kwamfutar kuwa akwai GNU Octave da Scilab, sai kuma Python tare da NumPy da SciPy ga wanda ya iya rubuta umarni kaɗan.

Dukansu lissafi guda suke yi, wanda ake kira FFT, da Cooley da Tukey suka wallafa hanyarsa mai sauri a 1965. Aikinsa shi ne ya warware jijjigar da ta cakuɗe, ya nuna sau nawa kowane ɓangarenta yake maimaituwa a daƙiƙa ɗaya, abin da ake aunawa da Hz. A nan ne amfanin yake. Janaretan da ke juyawa sau 1,500 a minti yana zagaye 25 a daƙiƙa, don haka idan zanen ya nuna dogon tsini a kan 25 Hz, yawanci nauyin abin da ke juyawa ne ya rinjayi gefe ɗaya, kamar fankar da ta tara datti ko fulin da ya ci. Idan tsinin 50 Hz ya yi tsawo shi ma, sai a fara zargin cewa injin da abin da yake ja ba su daidaita a layi ɗaya ba. Tsinaye da yawa a jere, 25 da 50 da 75 zuwa sama, galibi alamar noti ne da ya kwance ko gindin da bai zauna ba.

Sai dai waya tana da iyaka, kuma a ganina nan ne mutane suke ruɗuwa. Ƙa'ida ce cewa na'ura ba ta iya ganin jijjigar da ta wuce rabin yawan awon da take ɗauka a daƙiƙa. Wayoyi da yawa ba su wuce awo 'yan ɗaruruwa ba, alhali ma'aunin ISO 20816 da masana'antu ke bi yana duba daga 10 zuwa 1,000 Hz, kuma boris da ya fara lalacewa yana nuna alamarsa ne a dubban Hz. Saboda haka waya za ta kama maka rinjayen nauyi, amma boris sai ya yi nisa kafin ta ji shi. Mai son ya ƙara gaba zai iya haɗa na'urar jin motsi mai suna ADXL345 da Arduino, wani ƙaramin allon lantarki da ke karanta awonta, domin ita tana ɗaukar awo har 3,200 a daƙiƙa.

Yadda aka ɗora na'urar ma yana canza sakamako. Kada ka riƙe wayar a hannu. Cire rigarta, ka ɗaure ta tam a jikin ƙarfe kusa da gidan boris, nesa da bel da wurin zafi. Ka auna injin tun yana lafiya ka ajiye zanen, sannan ka riƙa maimaitawa duk wata a wuri guda da lodi iri ɗaya, domin tsinin da ya ninka tsawonsa tsakanin awo biyu shi ne zai nuna maka inda za ka fara kwancewa.